Ranar da Pingo Ya Yi Fuka-fuki

Bari in fara amsa laifina tun kafin ku tsige ni a ƙasan rubutun nan. Eh, na yi wa mutum ihu a kan ƙwaro. Mutumin kirki kuwa, wanda duk unguwarmu a Fall River babu uwar da ba ta yi masa sha'awar zama surukinta ba. Amma don Allah ku tsaya ku ji yadda aka yi kafin ku yanke min hukunci.

Sunana Zelia Arruda, shekarata ashirin da tara, ni ce mai zama a teburin karɓar mutane a wurin wani likitan haƙori. Gidanmu hawa uku ne. Mama a ƙasa, ƙanwarta Tiya Ilda a tsakiya, ni kuma can ƙololuwa tare da ƙoƙi-ƙoƙi arba'in da ɗaya. Kowanne da kofinsa na roba, da murfin raga, da ɗan reshen da yake lilo a jiki. Akwai masu kama da busasshen ganye, akwai masu ƙaho, akwai wata kore da ta tsani kowa. Amma waɗanda suka tafi da zuciyata su ne 'yan fure, farare tas da ratsin ruwan hoda, in ka gan su a kan reshe sai ka rantse fure ne ya buɗe. Shekara uku ina neman su yi min ƙwai a gidan nan, shekara uku suna watsa min ƙasa a ido.

Matsalarsu guda ce. Namijin ɗan firit ne, bai kai rabin ɗan yatsana ba, ga shi da gaggawar tsiya. Macen ta ninka shi girma, kuma ba ta sauri don kowa, sai ta yi saɓa ta sake yi, ta huta, ta kuma. In ka haɗa su ɗaki ɗaya, shi zai girma ya yi fuka-fuki ya tsufa ya mutu, ita ko alamar balaga ba ta fara ba. Shi ya sa duk mai kiwonsu yake raba su. Mace a ɗumi, a cika ta da ƙuda. Namiji a sanyi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, don ya jira ta.

Bana na yi komai daidai. Macen, Branca, tana saman wata kanta a ɗakin kwanana, ƙarƙashin fitila, tana cin ƙuda kamar gobe babu. Namijin, Pingo, shi kaɗai ne ya rage min, yana ɗakin baya wanda hitarsa ta mutu tun Baba yana da rai. Ɗakin nan in ka shiga da safe sai ka ɗora riga a kan riga. A lissafina su biyun za su haɗu a watan Fabrairu, kowa ya shirya.

To sai ga Duarte.

Duarte Medeiros gyaran hita yake yi. Da zarar sanyi ya kunno kai wayarsa ba ta hutawa, tsofaffin unguwa har fanken malasada suke soya masa don ya fara zuwa gidansu. Dogo ne, hannu kamar shebur, kullum cikin riga mai layi-layi ja da baƙi, yana ƙanshin sabulu da ɗan warin man inji. Yana da wata ɗabi'a, ba ya shiga ɗaki sai ya ɗora tafin hannu a kan hita kafin ya gaida mutanen ciki. Shekara ɗaya da rabi muna tare. A bikin cocinmu na watan Agusta, muna tsaye a layin gasasshen nama, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Zelia, ni fa na shirya."

"Ni ban shirya ba," na ce.

Bai sake tayar da maganar ba, amma Tiya Ilda tana bayanmu a layin, kuma abin da Tiya Ilda ta ji tamkar an yi shela ne. Tun daga ranar Mama ta kafa min ƙahon zuƙa.

"Me kike jira ne, 'yar nan? Sai ƙwarin nan sun raka ki coci?"

"Mama, aure nake gudu? Cewa na yi a ba ni lokaci."

"Lokaci! A shekarunki na yaye ku ke da Noelia. Yaron nan yana da gida, yana da sana'a, ba ya shan komai sai kofi. Ni ce uwarki amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba kowa ne zai buɗe firij ya ga robar tsutsar ƙuda kusa da man shanu ya dawo washegari ba."

Nan kam ta faɗi gaskiya. Ina sonsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Kawai dai duk lokacin da aka ce aure sai in ji kamar ana tura ni cikin mota tun ban sa takalmi ba.

Ƙarshen Oktoba yayata Noelia ta haihu a California, aka ce ni zan je in yi mata sati uku. Wa zai kula da yarana? Mama ta ce ita da ta taɓa ƙuda da hannunta gara ta koma tsibirin da aka haife ta da iyo. Duarte ya ce shi zai yi. Na rubuta masa komai a takarda na manna a firij. Branca ƙuda biyu kullum. Pingo ƙuda ɗaya duk bayan kwana huɗu, kuma kada a fitar da shi daga ɗakin baya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Abin da ban rubuta ba shi ne dalili, kuma wannan laifina ne, na ɗauka.

Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo.

"Branca ta ci biyu. Ta harare ni."

"Haka take yi wa kowa, kada ka damu."

"Ɗan ƙaramin nan fa, anya lafiya? Ko motsi ba ya yi."

"Lafiyarsa ƙalau. Ka bar shi inda yake."

"Yana inda yake. Ban taɓa kofin ba."

Ana kwana biyar da tafiyata sai ya turo, "Na tanadar miki wani abu. Sai kin dawo." Ina riƙe da jaririyar Noelia ina jijjiga ta, ina ta saƙe-saƙen yadda ake ƙin karɓar zobe ba tare da an rasa mai zoben ba. Ashe da zoben ne ma da abin ya zo min da sauƙi.

Ranar Lahadi na dawo, saura kwana huɗu Bikin Godiya. Duarte ya ɗauko ni daga filin jirgi, sai murmushi yake yi shi kaɗai. Mama ta tare mu a ƙofa da sabon gyaran gashi, ta biyo mu sama, ita da a sanina rabonta da hawa benena tun bara. Na ajiye jaka, na leƙa Branca, ta yi ɓul-ɓul abinta. Sannan na murɗa ƙofar ɗakin baya.

Ɗumi ne ya fara dukan fuskata.

Jama'a, ɗumi. A ɗakin baya. Hitar da ta shekara bakwai a mace tana ta ɗan huci, an goge ta, an sa mata sabon famfo mai ƙyalli, har da jan ƙyalle aka ɗaura mata kamar kyautar Kirsimeti. Na juya ga kofin Pingo. Yana rataye a jikin raga, ya yi fuka-fuki dogaye masu sheƙi, tsohuwar fatarsa tana yashe a ƙasan kofin ta bushe.

"Yaushe?" Abin da na iya cewa ke nan.

"Hitar? Tun satin farko," in ji Duarte, yana washe baki. "Na ga ɗan talikin nan ya ƙanƙame, na ce haba, ina raye? Wata ƙaramar matsala ce fa, awa biyu na gama. Kin ga yadda ya warware? Yau kwana tara da ya yi fiffike."

"Ni ma na taimaka," Mama ta sako baki tana gyara wuyan riga. "Ƙuda ɗaya a kwana huɗu, Zelia, ba ki ji tsoron Allah ba? Ni ba a zama da yunwa a gidana. Da matsefin gira na riƙa ba shi, safe da yamma."

Na tsaya ina ƙirga da yatsu. Branca saura saɓa biyu, sannan ta huta sati uku kafin ta yarda namiji ya matso ba tare da ta cinye shi ba. Ko na hura mata wuta yaya, Fabrairu ce. Shi kuwa Pingo, da irin ɗumin da ya sha da ƙudan da aka ɗura masa, in ya ga ƙarshen Janairu ya yi ƙoƙari. Wata bakwai ina lallaɓa su. Shekara ta huɗu ke nan za ta tafi a banza.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa min hita? Sanyin nan da gangan na bar shi, don ya jira ta! Yanzu zai mutu ita ba ta shirya ba! Kai komai ka gani sai ka hura masa wuta, Duarte. Ba za ka iya barin abu ya kai lokacinsa ba?"

Na ga maganar ta shige shi har inda ban yi niyya ba, ko kuma na yi niyya, ni kaina ban sani ba. Murmushin ya ɓace. Ya durƙusa ya kwance jan ƙyallen, ya naɗe shi ya sa a aljihu, ya murɗa famfon ya rufe, ya sauka. Na ji tashin motarsa.

"Kin kyauta," in ji Mama. "Ki je Branca ta aure ki."

Litinin shiru. Talata shiru. Mama ta sha kunu, in na gaishe ta sai ta amsa wa tukunya. A wurin aiki na ba wata mata ranar cire haƙori a watan da ya wuce. Na rubuta masa saƙo ya fi sau goma ina gogewa. "Ka yi haƙuri" ya yi min kaɗan, dogon bayani kuma ya yi kama da wani sabon faɗan. Ranar Laraba na daure na tura, "Ka ci abinci?" Wayar ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Na shiga ɗakin baya, wanda ya koma sanyinsa, na zauna a ƙasa ina kallon Pingo yana goge fuka-fukinsa. Kuka na yi sosai, kuma tun ina cikin yi na gane ba kukan Pingo ba ne.

Alhamis, Bikin Godiya. Mama ta goge min koriyar rigata ta ulu mai dogon hannu ta rataye a ƙofa, da 'yan kunnen zinaren kakarmu a cikin aljihun. Na sa. Tebur ya cika, talotalo ya sha haɗi har ya tsage, ga gasasshen dankali, ga shinkafa, ga burodi mai zaƙi, ga shinkafa da madara wadda Mama ta zana wa furanni da garin kirfa. Ta jera faranti huɗu. Mu uku ne.

"Ki ɗauke na huɗun, Lurdes," Tiya Ilda ta ce wa Mama. "Jiya na ji 'yar gidan Rezendes tana tambayar lambarsa, wai hitarsu tana ƙara. Hita dai."

"Ilda, ci abinci."

"Ni dai na faɗa. Namiji mai sana'ar hannu ba ya kwana biyu a kasuwa."

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna aka ƙwanƙwasa. Shi ne. Rigar nan dai ta ranar Lahadi, gemu ya tsiro, idanu jajir. Ko hitar falo bai taɓa ba, ya wuce kai tsaye ya tsaya a gabana, hannunsa na dama a cikin ƙirjin jaket.

Mama ta damƙe hannun Tiya. Tiya ta zaro waya ta fara ɗauka. Ni kuwa zuciyata kamar ta faɗo cikin miya. Na ce a raina, wayyo, a gaban talotalo zai yi?

Ya zaro wani abu a naɗe cikin safa. Ya warware safar a hankali. Kofin roba ne mai murfin raga.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Tiya, ta sauke wayar. "Ina zoben?"

"Namiji ne," ya ce da ni, muryarsa a dishe. "Ƙarami. Wanda zai jira."

Ya zauna ya ba mu labari. Ashe tun daren Lahadi ya shiga dandalin masu kiwo da nake yawan zama a ciki, ya rubuta abin da ya aikata. Mutum talatin suka yi masa ca. Sai wata tsohuwa, Misis Haverkamp, can kusa da Erie, ta ce tana da ƙanana amma ba za ta sa su a akwatin aike cikin sanyin nan ba, mai so ya zo. Awa tara ya yi a hanya. Ya tarar tukunyar ɗumin gidanta tana tari, ya kwashe Talata da rabin Laraba yana gyara mata, ita kuma tana zaune a kan matakala tana karanta masa karatun ƙoƙi-ƙoƙi.

"Sau uku ta kira ni sakarai," ya ce. "Na huɗun ta ba ni kofi. Ta ce in aka bar ɗaya daga ƙananan mazan nata a sanyi, zai yi fuka-fuki a Fabrairu, daidai da Branca. Ta nuna min kantar da ta jera su ta ce in ɗauka, sai ƙararrawar murhunta ta yi kira ta tafi. Na duba waɗanda ke layin, duk 'yan mitsi-mitsi, na ce anya za su kai gida? Sai na hango wannan a can gefe, ya ɗan fi su ƙwari. Shi na ɗauko. A ƙirjina ya yi tafiyar."

Na karɓi kofin na ɗaga shi wajen taga. Kyakkyawa ne, fari da ruwan hoda, ya ɗaga ciki sama yana rangaji. Sai na duba wuya. Duk mai kiwon 'yan fure nan yake fara dubawa, domin namiji yana da ɗan zobe ruwan ƙasa a bayan wuya, mace kuma nata kore ne.

Kore ne shar.

Awa tara zuwa, awa tara dawowa, kwana biyu a ƙarƙashin gidan tsohuwa, kuma mace ya kawo min. Ya sake zaɓar wanda ya fi girma don tausayi. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya riga ni.

"Na ji abin da kika ce ranar Lahadi, Zelia, na ƙwaron da namu duka biyun. Ina da tambayar da zan yi miki, kin san ta. Ranar da wannan ya yi fuka-fuki zan yi ta. Kafin nan ko tari ba zan yi ba." Ya juya ga Mama cikin ladabi. "Dona Lurdes, ke ma don Allah."

"Ni? Me na taɓa cewa?" in ji Mama. Tiya ta ƙware da ruwa.

Yana kallona da jajayen idanun nan, yana jira. Ga gaskiya a bakina. Ban faɗe ta ba.

"Ya yi kyau," na ce. "Na gode, Duarte."

To kun ji babban laifin, wanda ya fi ihun. Na ce bari in kai shi sama, na ɗauki kofin na hau. A matakala na yi lissafin. Ƙwai dai na bana sun tafi, sai wani ikon Allah, kuma abin mamaki ban ji zafin da na zata ba. Amma ga wani abu. Mace mai wannan girman saura mata saɓa huɗu. A ɗakin baya, da ƙuda ɗaya a kwana huɗu, sai ta kai watan Yuni ba ta yi fiffike ba. Shi Fabrairu yake jira, ni kuwa ba tare da na roƙa ba an miƙo min wata bakwai cur. Lokacin da nake ta nema tun Agusta ga shi a tafin hannuna, abin da zan yi kawai in yi shiru.

Na ajiye kofin kusa da na Pingo, na jawo ƙofa na rufe. Na tsaya a bakin matakala. Daga ƙasa ina jin ƙarar cokali, Tiya tana tsokanarsa wai gemun ya sa ya yi kama da masunci, shi kuma yana dariyar nan tasa mai fitowa daga ciki. Kwana huɗu ban ji ta ba. Na ƙirga watannin da yatsu, Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris, kafin in kai Yuni yatsun sun yi min nauyi.

Na koma ɗakin baya na ɗauko kofin. Na kai shi ɗakin kwanana, na matsar da Branca kaɗan, na ajiye shi a saman kanta, daidai inda fitila ta fi zafi. Na buɗe robar ƙudaje na jefa mata ɗaya. Kafin in ƙifta ido ta cafke.

"Ba kin ce namiji sanyi yake so ba?"

Mama ce a bakin ƙofa, da faranti a hannu, tana haki don hawan bene. Ta kalli kofin, ta kalli fitilar, ta kalle ni. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi har 'yan kunnen kaka.

Sai ga muryar Duarte daga ƙasa. "Zelia! In hawo in duba ko sanyin ɗakin ya isa?"

"Ya isa, ɗana!" Mama ta ɗaga murya. "Zauna ka ci abincinka kada ya huce!"

Sannan ta matso, ta leƙa cikin kofin da kyau, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙara masa ƙuda ɗaya."

Biyu na ƙara.